Gwajin jini don gano ciwon daji da wuri

Gwajin jini don gano ciwon daji da wuri hanya ce ta tantance mutanen da ba su da wata alamar rashin lafiya, inda ake ɗibar jininsu a nemi burbushin da ƙari ke zubarwa a ciki. Burbushin yana iya zama furotin, ko gutsattsarin sinadarin gado na DNA, ko ƙwayoyin ƙarin su kansu da suka ɓalle suka shiga jini. Manufar ita ce a riski cutar tun tana ƙarama, lokacin da tiyata ko magani za su iya kawar da ita. Wasu gwaje-gwajen nau'i ɗaya na ciwon daji suke nema, kamar PSA da ake yi wa maza. Wasu sababbi kuma, waɗanda suka shiga kasuwa daga shekarar 2021, suna neman nau'o'i da dama a ɗiba ɗaya.

Bambancin da mataki ke kawowa babba ne. A ƙididdigar Amurka, kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka gano musu ciwon dajin babban hanji kafin ya bar wurinsa suna kaiwa shekara biyar a raye, amma idan ya riga ya yaɗu zuwa wasu gaɓoɓi masu nisa adadin ba ya kai kashi 20. Hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum kusan miliyan 20 ne suka kamu da cutar, miliyan 9.7 kuma suka mutu. Duk da haka, gano cuta da wuri bai zama lalle ya hana mutuwa ba, kuma a kan wannan ne akasarin muhawarar masana take.

Kalmomi

Hausawa suna cewa ciwon daji, ko sankara, ko kansa, kuma duk abu ɗaya ake nufi. Wannan maƙala ta ɗauki “ciwon daji”. Ta yi amfani da “ƙari” wajen nufin tarin ƙwayoyin da suka yi girma ba bisa ƙa'ida ba, da “sel” wajen nufin ƙwayar jiki guda, domin “ƙwayar halitta” tana ɗaukar ma'anoni da yawa a rubuce-rubucen Hausa. Akwai kuma wani ruɗani da ya kamata a lura da shi: kafafen labarai sukan ce “kansar mafitsara” suna nufin ciwon dajin furostet, alhali furostet wata 'yar gaɓa ce ta maza da ke ƙarƙashin mafitsara, kuma ita mafitsarar tana da nata ciwon dajin daban.

Tantancewa ta bambanta da binciken marar lafiya. Wanda ya je asibiti da kumburi ko rama ko zubar jini bincikensa ake yi don a san abin da ke damunsa. Tantancewa kuwa mai lafiya ake yi wa, shi ya sa ake tsaurara sharuɗɗanta, tunda duk wata illa da ta biyo baya ta faɗa ne kan mutumin da ya zo da ƙafarsa lafiya lau.

Tarihi

A 1869 wani likita a birnin Melbon na Ostareliya, Thomas Ashworth, ya duba jinin wani mutum da ciwon daji ya kashe, ya ga sel masu kama da na ƙarin da ke jikinsa. A 1948 wasu Faransawa biyu, Mandel da Métais, suka ba da rahoton cewa akwai sinadarin gado da ke yawo a ruwan jini ba a cikin sel ba. Binciken nasu ya daɗe ba a kula shi ba, domin a lokacin ba a ma gano siffar DNA ba tukuna.

Abin da ya fara shiga asibitoci shi ne awon furotin. A 1963 Garri Abelev na Tarayyar Sobiyet ya gano cewa ƙarin hanta a jikin ɓeraye yana fitar da furotin AFP, wanda a al'ada ɗan tayi ne ke samar da shi, kuma ba da jimawa ba aka tabbatar da haka a jikin mutane. A 1965 Phil Gold da Samuel Freedman suka gano CEA a Kanada. Robert Bast da abokan aikinsa suka bayyana CA-125 a 1981. Shi kuwa PSA, Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a 1986 don bibiyar masu jinya, sannan a 1994 don neman cutar a jikin mazan da ba a san suna da ita ba.

Sabon babi ya buɗe ne ta wata hanya da ba a zata ba. A 1997 Dennis Lo, masani ɗan Hong Kong, ya nuna cewa DNA ɗin ɗan tayi yana yawo a jinin uwa. Daga nan aka samar da gwajin jinin masu juna biyu, wanda ya shiga kasuwa a 2011. Da aka yi wa mata masu yawa gwajin, sai aka riƙa cin karo da wasu 'yan sakamako masu ban mamaki: jaririn lafiyarsa ƙalau, amma DNA ɗin da ke jinin a hargitse yake, daga baya kuma sai a tarar uwar ce ke da ciwon dajin da ba ta sani ba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa kamfanin Illumina ya kafa kamfanin Grail a 2016.

Abin da ake nema a cikin jini

Kullum sel suna mutuwa a jikin ɗan'adam, kuma idan sun mutu sukan saki gutsattsarin DNA cikin jini. Tsawon yawancin gutsattsarin yana kusa da haruffan gado 166, kuma jiki yana share su cikin mintuna zuwa 'yan sa'o'i. A jikin mai lafiya mafi yawansu daga sel na jini da na ɓargo suke fitowa. Idan akwai ƙari, shi ma yana zubar da nasa, sai su gauraye. Aikin ɗakin gwaji shi ne ya rarrabe na ƙarin daga sauran.

Hanya ta farko ita ce neman sauyin haruffa a wasu sanannun sassan gado da ciwon daji ya saba taɓawa, irin su TP53 da KRAS. Matsalarta ita ce, idan mutum ya manyanta, sel na ɓargonsa ma sukan tara irin waɗannan sauye-sauye ba tare da wata cuta ba, sai gwaji ya ɗauka ƙari ne. Haka kuma sauyin harafi ba ya faɗin gaɓar da ya fito, domin TP53 yana lalacewa a ciwon dajin huhu da na hanji da na mama da sauransu.

Hanya ta biyu ita ce duba tambarin metil, wato wasu ƙananan sinadarai da ke manne a jikin DNA suna kunna wani sashe suna kashe wani. Duk sel na jiki rubutun gado ɗaya suke ɗauke da shi, amma tsarin tambarin sel na hanta daban yake da na huhu, kamar littafi ɗaya da masu karatu daban-daban suka ja wa layi a wurare daban-daban. Ciwon daji yana hargitsa wannan tsari. Saboda haka tambarin yana iya nuna abu biyu, cewa akwai ƙari, da kuma inda ake zaton yake. Manhajar kwamfuta da aka horar da jinin dubban mutane ce ke yanke hukuncin. Wasu gwaje-gwajen kuma suna duba tsawon gutsattsarin da inda suka karye, ko su haɗa awon DNA da na furotin.

Babban cikas ɗin na adadi ne. Kwalbar jini ta mililita 10 tana ba da DNA da bai wuce na sel dubbai kaɗan ba. Ƙarin da ya yaɗu yana iya samar da kaso mai tsoka na wannan, amma ƙaramin ƙari na matakin farko sau da yawa rabonsa ba ya kai ɗaya cikin dubu, wani lokaci ɗaya cikin dubu goma. A irin wannan hali ana iya ɗibar jinin ba tare da ko gutsure ɗaya mai ɗauke da alamar ya faɗo cikin kwalbar ba, kuma komai ingancin na'ura ba za ta ga abin da babu shi a gabanta ba.

Yadda ake auna gwaji

Ma'auni biyu ake fara dubawa. Ƙarfin kamu shi ne kason masu cutar da gwajin ke ganowa. Ƙarfin wankewa kuma shi ne kason marasa cutar da gwajin ke cewa ba su da ita. Sai dai abin da ya dami wanda aka ba sakamako shi ne tambaya ta uku: idan an ce an ga alama, mene ne yiwuwar da gaske yana da cutar?

A ɗauki misali na lissafi. An gwada mutum 100,000, kuma 1,000 daga cikinsu suna da ciwon daji ba su sani ba. Idan ƙarfin kamun gwajin kashi 50 ne, zai kama 500 ya bar 500. Idan ƙarfin wankewarsa kashi 99.5 ne, to a cikin 99,000 masu lafiya zai yi wa 495 kamun ƙarya. Ke nan cikin mutum 995 da za a kira a tayar wa hankali, kusan rabi ba su da komai. Da ƙarfin wankewar zai sauka zuwa kashi 90, masu kamun ƙaryar za su kai 9,900.

Akwai kuma tarko biyu a ƙididdiga. Na farko, idan aka gano cuta shekara uku kafin lokacin da za ta bayyana da kanta, amma mutumin ya mutu a ranar da dama zai mutu, takarda za ta nuna ya ƙara shekara uku da cutar, alhali abin da ya ƙaru kawai shi ne tsawon lokacin da ya san yana da ita. Na biyu, akwai ƙarin da ke girma a hankali ƙwarai, wanda da an bar shi mutum zai tsufa ya mutu da wani dalili daban. Gano irinsa yana jawo tiyata da magani da ba a buƙata. Domin kauce wa waɗannan ne masana suka dage cewa hujja mafi ƙarfi ita ce a raba jama'a gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a gwada wasu a bar wasu, a jira shekaru, sannan a ƙirga mace-mace.

Gwaje-gwajen nau'i ɗaya

PSA shi ne aka fi yi a duniya, kuma shi ne aka fi yin gardama a kansa. Furotin ne da furostet ke samarwa ko da ba ciwon daji, yana kuma hauhawa idan gaɓar ta kumbura saboda tsufa ko ta kamu da ƙwayoyin cuta. Kusan uku cikin huɗu na mazan da awonsu ya hau ba a samun ciwon daji idan an yanko tsokar an duba. Babban binciken Turai mai suna ERSPC ya ba da rahoto a 2009 cewa tantancewar ta rage mutuwa daga wannan cuta da kusan kashi 20, amma bayan bibiya ta shekara 16 lissafi ya nuna sai an gayyaci maza 570, an gano cutar a jikin 18, kafin a hana mutuwa ɗaya. Tiyatar kuma tana iya barin mutum da yoyon fitsari ko raunin mazakuta. Kwamitin ba da shawara kan rigakafi na Amurka ya ce a daina tantancewar a 2012, sannan a 2018 ya sassauta ya ce maza 'yan shekara 55 zuwa 69 su yanke shawara da likitansu.

Labarin CA-125 ya fi wannan zama darasi. A Birtaniya an shigar da mata sama da 200,000 'yan shekara 50 zuwa 74 cikin binciken UKCTOCS tsakanin 2001 da 2005, don a ga ko za a rage mutuwa daga ciwon dajin jakar ƙwan mace. Gwajin jinin ya yi abin da aka sa shi: waɗanda aka gano a mataki na uku da na huɗu sun ragu da kusan kashi 10. Amma da aka fitar da sakamakon ƙarshe a 2021, bayan bibiya ta kimanin shekara 16, mace-mace ba su ragu ba. Saboda haka ba a ba da shawarar yi wa ɗaukacin mata wannan tantancewa.

Inda aka fi ganin amfani shi ne inda aka taƙaita gwajin ga masu haɗari. A Shanghai, wani bincike na mutum 18,816 masu ciwon hanta na dindindin ya nuna cewa awon AFP tare da hoton sikanin duk wata shida ya rage mutuwa daga ciwon dajin hanta da kashi 37. A Hong Kong, inda ciwon dajin bayan hanci ya yi yawa, an nemi DNA na ƙwayar cutar EBV a jinin maza 20,174. An gano cutar a jikin 34, kuma kashi 71 nasu suna mataki na ɗaya ko na biyu, alhali a da kusan kashi 20 ne kawai ake riska a wannan mataki. An buga sakamakon a 2017.

A ɓangaren babban hanji, FDA ta amince da gwajin Shield na kamfanin Guardant Health a Yulin 2024 ga 'yan shekara 45 zuwa sama. A binciken da aka dogara da shi ya kama kashi 83 na masu ciwon dajin, amma kashi 13 kawai na manyan tsiron hanji da ba su riga sun rikiɗe ba. Wannan gibi ne mai muhimmanci, domin duba hanji da bututu mai kyamara yana ganin tsiron ya kuma cire shi nan take, ya hana cutar tun kafin ta fara. Hujjar masu goyon bayan gwajin jinin ita ce mutane da yawa suna gudun bututun, amma za su yarda a ɗebi jininsu.

Gwaje-gwajen nau'o'i da yawa

Nau'o'in da ake da tsayayyar hanyar tantance su kaɗan ne: mama, bakin mahaifa, babban hanji, huhu ga masu shan taba sosai, sai furostet da ake gardama a kai. Ciwon dajin fankiriyas da na tumbi da na maƙoshi da na jakar ƙwai ba su da irin wannan a yawancin ƙasashe, kuma galibi sai sun yi nisa ake ganinsu. Wannan gibi ne sababbin gwaje-gwajen ke son cikewa.

A 2018 masana a Jami'ar Johns Hopkins suka wallafa CancerSEEK, wanda ke haɗa sauye-sauye a sassan gado 16 da furotin 8 don neman nau'o'i takwas. Da aka jarraba wani samfurinsa a kan mata kimanin 10,000 'yan shekara 65 zuwa 75 a jihar Fensilbaniya, an samu ciwon daji 96 a tsawon binciken, kuma 26 daga ciki gwajin jinin ne ya fara nuna su.

Galleri na kamfanin Grail, wanda ke dogara da tambarin metil, ya shiga kasuwar Amurka a 2021 a kan dala 949, ba tare da ya bi ta amincewar FDA ba, domin doka ta ba ɗakunan gwaji damar sayar da gwajin da suka ƙirƙira da kansu. Kamfanin ya ce yana iya nuna alamar nau'o'i sama da 50. A binciken da aka buga a shekarar, ƙarfin wankewarsa kashi 99.5 ne, ƙarfin kamunsa kuma 51.5. Idan aka rarraba bisa mataki sai hoton ya sauya: kashi 16.8 a mataki na ɗaya, 40.4 a na biyu, 77 a na uku, 90.1 a na huɗu. Wato gwajin da aka ƙera don gano cuta da wuri ya fi rauni a daidai matakin farko. Ya fi kama na hanta da fankiriyas, ya kuma yi rauni sosai a na furostet da ƙoda. Wasu masana suna ganin ɗan alheri a wannan rauni, tunda ƙarin da ba ya zubar da DNA sau da yawa shi ne marar saurin kisa.

Waɗancan alƙaluma daga mutanen da aka riga aka san suna da cutar aka samo su. A binciken PATHFINDER, da aka yi wa mutum 6,621 'yan shekara 50 zuwa sama waɗanda ba a san suna da ita ba, gwajin ya nuna alama a jikin 92. An tabbatar da ciwon daji a jikin 35, sauran 57 kamun ƙarya ne. Waɗannan 57 ɗin sun ɗauki matsakaicin kwana 162 ana yi musu hotuna da bincike kafin a wanke su.

Jarrabawa mafi girma ita ce ta hukumar lafiya ta Ingila, NHS, wadda ta fara a 2021 da mutum kusan 140,000 'yan shekara 50 zuwa 77. An raba su gida biyu, ana ɗibar jininsu sau ɗaya a shekara har sau uku. Abin da aka sa a gaba shi ne a ga ko waɗanda ake ganowa a mataki na uku da na huɗu za su ragu. Tun farko wasu sun soki wannan ma'auni, suna kafa hujja da abin da ya faru a UKCTOCS. A Mayun 2024 NHS ta duba bayanan shekarar farko ta ce ba su isa su sa a gaggauta faɗaɗa shirin ba. A Fabrairun 2026 Grail ya sanar cewa binciken bai cim ma babban ma'auninsa ba, ko da yake an ga raguwa a mataki na huɗu.

A Afirka ta Yamma

A Najeriya da Nijar da Ghana yawancin masu ciwon daji suna isa asibiti ne bayan cutar ta yi nisa. Gwajin jinin da aka fi samu a ɗakunan awo shi ne PSA, kuma ciwon dajin furostet ne kan gaba a tsakanin mazan Najeriya. Yawancin manyan binciken da aka ambata a sama an yi su ne a Turai da Amurka da gabashin Asiya, kan jama'ar da baƙaƙen fata ba su da yawa a ciki.

Ciwon dajin hanta ne ya fi haɗa yankin da wannan fanni. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a yankin, haka ma gubar afilatoksin da funfuna ke haifarwa a gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba kafin a adana. Gubar tana barin wani sananne sauyi a wuri na 249 na sashen TP53, kuma a shekarar 2000 masu bincike a Gambiya suka ba da rahoton ganin wannan sauyi a jinin masu ciwon dajin hanta, ɗaya daga cikin misalan farko na karanta DNA na ƙari daga jini a nahiyar. Ga mai ciwon hanta nau'in B da ke cikin haɗari, likitoci sukan ba da shawarar hoton sikanin duk wata shida, sau da yawa tare da awon AFP.

Ƙa'idojin tantancewa da Wilson da Jungner suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1968 sun shar'anta cewa kafin a fara neman cuta a jikin masu lafiya, sai an tanadi kayan tabbatar da ita da na maganinta. Sakamakon jini shi kaɗai ba ya tabbatar da ciwon daji, dole a bi shi da hoto, sannan a yanko tsoka a duba a madubin likita. A inda na'urorin hoto da na gashi suka yi ƙaranci, kuma majiyyaci ne ke biya daga aljihunsa, Hukumar ta fi ba da fifiko ga saurin binciken masu alamu, da rigakafin ciwon hanta nau'in B da na HPV, da tantance bakin mahaifa. Sakamakon da ya ce “ba a ga alama ba” kuma ba ya ɗauke wa mutum duba mama ko bakin mahaifa ko hanji, kamar yadda su kansu kamfanonin ke rubutawa a takardun gwajin.